Tsadar man gazuwal da kuɗin riƙe motar a-kori-kura: abin da ya kamata ku sani

Daga kasuwar Maraɗi zuwa ta Garwa, daga zangon Kumasi zuwa Injamena, motar a-kori-kura ce ke kai buhunan gero da albasa da siminti inda babbar mota ba ta iya shiga. Ita ce motar ɗan kasuwa da manomi da ɗan kwangila, da ita kuma ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji ke shiga ƙauyuka. Da yawa daga cikin waɗannan motoci man gazuwal suke sha, wanda a Gana da Najeriya ake kira dizal, direbobin Kano kuma su ce masa man gas.

Tun daga 2022 kuɗin wannan mai ya tashi a kusan duk ƙasashen yankin. Mai mota ya ji a aljihunsa, mai kaya ya ji a kuɗin dako, uwar gida ta ji a farashin tiyar hatsi. Ga bayanin abin da ya tayar da farashin, da yadda ya kasance ƙasa-ƙasa, da yadda mai mota ko mai niyyar saye zai lissafa abin da motar ke ci masa.

Mene ne gazuwal, me ya bambanta injinsa

Gazuwal da fetur da kananzir duk daga ɗanyen mai ake tace su. A matata ana dafa ɗanyen man, kowane kashi ya fita gwargwadon nauyinsa: gas da fetur su ne marasa nauyi, kananzir da man jirgin sama da gazuwal suna tsakiya, sai man masana'antu mai kauri da kwalta a ƙasa. Ganga ɗaya ta ɗanyen mai lita 159 ce, kuma matata ba ta iya mayar da ita duka gazuwal. Shi ya sa idan buƙatar gazuwal ta yi yawa a duniya, farashinsa kan wuce na fetur.

Injin ya samo sunansa daga Rudolf Diesel, injiniya ɗan Jamus, wanda injinsa na farko mai aiki sosai ya tashi a 1897 a garin Augsburg. Injin fetur sai fulogi ya ba da tartsatsi kafin mai ya kama. Injin dizal kuwa iska yake matsewa sosai har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Wannan matsi ne ke sa injin ya fi cin moriyar kowane ɗigon mai, ga shi kuma litar gazuwal ta fi litar fetur ƙarfi da sama da kashi 10 cikin 100. Idan aka haɗa biyun, motar dizal kan sha kusan kashi ɗaya cikin huɗu ƙasa da takwararta ta fetur, kuma ta fi jan kaya a hawan tudu da cikin rairayi ko da injin na juyawa a hankali.

Amma matsin na buƙatar ƙarfe mai kauri da famfo da nozul masu tsananin daidaito. Don haka motar dizal ta fi tsada wajen saye, kayan gyaranta ma sun fi tsada.

Motocin da suka fi yawa a yankin

Dattawan direbobi sun fara ne da Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya. Kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma har yau ana ganin tsofaffin 504 suna dakon kaya ranar kasuwa. Daga baya motocin Japan suka karɓe hanya. Toyota Hilux ta fito a 1968, Land Cruiser jerin 70 kuma a 1984. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki na Libiya a Fada da Wadi Dum a kan irin waɗannan motoci, har aka sa wa wannan ɓangare na rikicin suna yaƙin Toyota. Akwai kuma Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max da Nissan Navara da Ford Ranger.

Ta fuskar inji, motocin kashi biyu ne. Akwai tsohon zubi, irin su 5L na Hilux mai lita 3.0 da 1HZ na Land Cruiser mai silinda shida da lita 4.2. Waɗannan ba su da gudu sosai, amma suna da juriya, kuma makaniken gari ya san cikinsu. Akwai kuma sabon zubi da kwamfuta ke sarrafa feshin mansa, irin su D-4D mai lita 2.5 ko 3.0, da injinan lita 2.4 da 2.8 da Toyota ta fitar daga 2015. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, sai dai ba su yafe gurɓataccen mai.

Hilux ta zamani kan sha tsakanin lita 8 zuwa 11 a kilomita 100, gwargwadon kaya da hanya. Land Cruiser mai 1HZ kan sha lita 12 zuwa 15, a rairayi ma ta wuce haka. Tankin Hilux lita 80 yake ɗauka.

Abin da ya tayar da farashi

Dalili na farko kasuwar duniya ce. A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, gangar ɗanyen mai ta faɗo ƙasa da dala 20. Da harkoki suka farfaɗo sai buƙata ta dawo da ƙarfi, alhali an rufe wasu matatu a Turai da Amurka a lokacin annobar. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta shiga Yukren, cikin makonni biyu ganga ta haura dala 120. Gazuwal ya fi shan wuya, domin a lokacin kusan rabin wanda Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake zuwa. Tarayyar Turai ta hana shigo da tataccen man Rasha daga 5 ga Fabrairun 2023, ta koma neman gazuwal a Gabas ta Tsakiya da Indiya da Amurka, wato kasuwannin da ƙasashen Afirka ma ke saye a cikinsu. Tun kafin nan, daga 1 ga Janairun 2020, dokar rage farar wuta a man jiragen ruwa ta tura wasu jiragen zuwa ga mai mai kama da gazuwal. A lokacin sanyi kuma Turawa na ɗumama gidaje da mai ɗan gida ɗaya da shi.

Na biyu shi ne canjin kuɗi. Da dalar Amurka ake cinikin mai. Kuɗin sefa ɗaure yake da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. A 2022 yuro ya faɗi har ya yi kunnen doki da dala, daga bisani ya sauka ƙasa da ita, don haka ƙasashen sefa suka biya tsadar mai da tsadar dala a lokaci guda. Sidin Gana ya zube sosai a wannan shekara. Naira kuma, bayan an sake ta a watan Yunin 2023, ta tashi daga kusan 460 a dala ɗaya zuwa wajen 1,500 a farkon 2024.

Na uku shi ne ƙarancin matatu. Matatar SONARA da ke Limbe ta ƙone ranar 31 ga Mayun 2019, tun daga nan Kamaru ke shigo da tataccen mai. Matatun gwamnatin Najeriya na Fatakwal da Warri da Kaduna sun shafe shekaru ba sa aiki. Ta Tema a Gana ma ta daɗe tana tafiyar hawainiya.

Na huɗu shi ne janye tallafi. Gwamnatoci sun daɗe suna cike giɓin da ke tsakanin farashin duniya da na gidan mai. Da giɓin ya faɗaɗa, baitulmali ya kasa, Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma ya matsa a rage tallafin. A jawabinsa na ƙarshen 2023 shugaba Paul Biya ya ce tallafin mai ya ci wa Kamaru sama da sefa biliyan 1,000 a 2022.

Na biyar shi ne nisa. Man arewacin Kamaru daga Duwala yake taso wa, jirgin ƙasa ya kai shi Ngaundare, tankoki su wuce da shi Garwa da Marwa. Tankar da ke ɗauke da gazuwal ita ma gazuwal take sha, ga haraji da kuɗin ajiya da ribar dillali a kan kowace lita.

Yadda farashin ya kasance ƙasa-ƙasa

A Kamaru gwamnati ce ke yanke farashi. Litar gazuwal ta daɗe a sefa 575. A watan Fabrairun 2023 ta koma 720, a Fabrairun 2024 kuma ta kai 828, fetur ya koma 840. Ƙarin kashi 44 cikin 100 ke nan a shekara guda da ƴan kwanaki.

Chadi na da matatarta a Djermaya, arewa da Injamena, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Duk da haka a watan Afrilun 2023 gazuwal ya tashi daga sefa 548 zuwa 700, a Fabrairun 2024 ya kai 828, fetur kuma ya tashi daga 518 zuwa 730. Gazuwal ya ƙaru da sama da rabin tsohon kuɗinsa, kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun shiga yajin aiki a kan wannan ƙari.

Nijar na da matatar SORAZ a kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011, ita ma ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na China na da kashi 60, gwamnati na da 40. Kamfanin SONIDEP ne ke rarraba man. A tsakiyar 2022 gazuwal ya yi ƙaranci, domin lita na sefa 538 a Nijar alhali a maƙwabta ta fi haka nesa, sai man ya riƙa sulalewa ta kan iyaka. Ranar 1 ga Agustan 2022 gwamnati ta mayar da lita 668. A watan Yulin 2024 hukumomin soja suka rage shi zuwa 618, fetur kuma daga 540 zuwa 499.

A Najeriya an cire hannun gwamnati daga farashin dizal tun zamanin shugaba Obasanjo, alhali fetur ya ci gaba da samun tallafi har zuwa 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu ya sanar da janye shi. Wannan ne ya sa yawancin Hilux na Najeriya masu shan fetur ne. Litar dizal da ke wajen naira 300 a farkon 2022 ta haura 700 kafin tsakiyar shekarar, ta wuce 1,500 a farkon 2024. Matatar Ɗangote da ke Legas, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da dizal a 2024, ta sayar wa dillalai a naira 1,200, daga baya ta rage zuwa 1,000.

Gana ta saki farashin mai ga kasuwa tun 2015, ana sabunta shi duk mako biyu a ƙarƙashin kulawar hukumar NPA. A farkon 2022 litar dizal na wajen sidi 7. A watan Nuwamba na wannan shekara ta haura sidi 23, kafin ta sauko. Sudan kuwa ta janye tallafin fetur da gazuwal a watan Yunin 2021, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lalata matatar al-Jaili da ke arewa da Khartum.

Abin lura a nan shi ne tsari biyu ne. A Gana da Najeriya farashi na hawa da sauka tare da kasuwa. A ƙasashen sefa yakan tsaya shekaru a wuri ɗaya, sannan ya yi tsalle dare ɗaya da sanarwar gwamnati.

Kuɗin mai a wata

Mu ɗauki misalin mota mai shan lita 10 a kilomita 100, tana tafiyar kilomita 2,500 a wata. Lita 250 ke nan.

A Kamaru, lokacin da lita ke 575, kuɗin man wata sefa 143,750 ne. A farashin 828 ya zama 207,000. Bambancin 63,250 ne a wata, 759,000 a shekara. Cika tankin lita 80 ya tashi daga jika 46 zuwa sama da jika 66.

A Chadi, daga 548 zuwa 828, kuɗin wata ya tashi daga 137,000 zuwa 207,000, wato ƙarin 840,000 a shekara.

A Nijar, daga 134,500 ya hau 167,000, sannan ya sauko 154,500 bayan ragin 2024. Ko da ragin, mai motar na biyan ƙarin jika 20 a wata a kan abin da ya saba kafin Agustan 2022.

Don sanin ainihin shan motarku, ku cika tanki har baki, ku rubuta lambar kilomita. Idan kun sake cikawa, ku raba litocin da suka shiga da kilomitocin da aka yi, ku ninka da 100. Ku maimaita sau uku, da kaya da babu kaya. Wannan lissafi ne kuma ke raba gardama tsakanin mai mota da direba.

Kuɗin da ba a gani a gidan mai

Kuskuren da ya fi kassara masu motoci shi ne ɗaukar duk abin da ya rage bayan mai da sallamar direba a matsayin riba. Mota na cin kuɗi ta hanyoyi da dama da ba sa zuwa kullum, sai ranar da suka zo.

Akwai faɗuwar darajar motar kanta. Akwai juyen baƙin mai da canjin matatai, wanda a ƙasashen sefa ake cewa bidanji. A ƙura da zafi irin namu yawancin makanikai na ba da shawarar a yi shi duk kilomita 5,000. Akwai tayu da batir da birki da kuloci da sifirin da shokazoba, waɗanda lodi da ramuka ke cinyewa. Injinan 5L da 1HZ da D-4D na da bel ɗin da ke daidaita juyawar inji, ana canja shi tsakanin kilomita 100,000 da 150,000, kuma idan ya tsinke a kan hanya yana iya lalata kan injin. Akwai inshora da binyet da duba lafiyar mota da kuɗin shingen hanya. Mai ƙetara iyaka a Afirka ta Yamma yana buƙatar katin inshorar CEDEAO mai ruwan ƙasa, a Afirka ta Tsakiya kuma katin CEMAC mai ruwan hoda.

Ga lissafin misali, wanda kowa zai sa nasa alƙaluman a ciki. A ce an sayi mota ta hannu sefa miliyan 12, an yi shekara biyar ana kilomita 30,000 a shekara, an sayar da ita miliyan 7. Asarar miliyan 5 a kilomita 150,000 ta kama sefa 33 a kowane kilomita. A ce tayu huɗu 320,000 ne kuma suna kai kilomita 40,000: sefa 8. Juyen mai 40,000 duk kilomita 5,000: sefa 8. Gyare-gyare 450,000 a shekara: sefa 15. Takardu da inshora 300,000 a shekara: sefa 10. Albashin direba 75,000 a wata: sefa 30. Waɗannan sun tashi sefa 104 a kilomita kafin a zuba ko ɗigon mai. Gazuwal a farashin 828 ya ƙara sefa 83, jimilla 187. A tsohon farashin 575 jimillar 162 ce.

Abu biyu ne suka fito daga wannan lissafi. Na farko, mai bai kai rabin kuɗin riƙe motar ba. Na biyu, ƙarin kashi 44 cikin 100 a kuɗin gazuwal ya ɗaga kuɗin tafiyar da kusan kashi 15 ne kawai. Mai motar da bai ƙara komai a kuɗin dako ba yana cin uwar kuɗinsa. Wanda ya ƙara rabi kuma ya ɗora wa mai kaya abin da mai bai jawo ba.

Daga Garwa zuwa Marwa kimanin kilomita 210 ne, zuwa da dawowa 420. A sefa 187, tafiyar ta ci 78,540. Idan motar ta ɗauki buhu goma masu kilo 100 ta dawo wayam, kowane buhu ya ci kusan 7,850. Idan ta samu lodin dawowa, ya koma kusan 3,900. Babu wata dabarar tsimin mai da ta kai samun kayan dawowa tasiri, kuma a nan ne ƴan kamashon tasha ke cin guminsu.

Gazuwal ko fetur

Amsar ta dogara da ƙasar da motar ke shan mai da yawan tafiyarta. A ce motar dizal na shan lita 10, ta fetur na shan 13. Muddin litar gazuwal ba ta fi ta fetur tsada da kashi 30 cikin 100 ba, motar dizal ce ke da sauƙin mai. Tambayar ita ce nawa ne sauƙin.

A farashin Kamaru na Fabrairun 2024, kilomita 100 na cin sefa 8,280 a dizal, 10,920 a fetur. Rarar 2,640 ce. A Chadi rarar 1,210 ce. A farashin Nijar na Yulin 2024 kuwa, 6,180 ne da 6,487, rarar sefa 307 kacal.

Idan motar dizal ta fi ta fetur tsada da miliyan 2 wajen saye, a Kamaru rarar mai za ta mayar da kuɗin cikin kusan kilomita 76,000, wato shekara biyu da rabi ga mai tafiyar 30,000 a shekara. A Chadi sai an yi kusan 165,000. A Nijar sai an haura 600,000, abin da mota da wuya ta kai a hannun mutum ɗaya. Don haka a Nijar dalilin sayen dizal shi ne jan kaya mai nauyi da nisan da tanki ɗaya ke kaiwa. Mai zirga-zirgar cikin gari da kaya marasa nauyi motar fetur ta ishe shi, wani ma babur mai ƙafa uku na dako, wanda a Gana ake kira aboboya, zai biya masa buƙata.

Ingancin mai da lafiyar inji

Idan mai ya yi tsada, kasuwar gefen titi ce ke cika. A Nijar ƴan ruwa-ruwa ne, a Najeriya ƴan bumburutu, a arewacin Kamaru zuwa-zuwa, a Benin kpayo. Yawancin cinikinsu fetur ne, amma ana samun gazuwal a jarka da duro, a wasu ƙauyukan ma babu wani sai shi. Haɗarinsa uku ne: ruwa da datti da gauraya da kananzir. Gazuwal da kansa ne ke shafe cikin famfo da nozul, kananzir kuma ba shi da wannan santsi, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Sabbin injina na fesa mai da matsin da ya ninka na tayar mota sau ɗaruruwa, ɗan ruwa kaɗan ya isa ya lalata nozul huɗu da famfo. Abin da aka tsimta a jarka hamsin gyara ɗaya ya cinye shi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma batun farar wuta a cikin mai. Turai ta ƙayyade kashi 10 cikin miliyan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna gazuwal da ake kawowa Afirka ta Yamma na ɗauke da ninkin haka sau ɗaruruwa. A watan Fabrairun 2020 ministocin CEDEAO suka amince a Wagadugu da ƙa'idar kashi 50 cikin miliyan, sai dai aiwatarwa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wannan ya shafi masu sayen motocin da suka fito daga Turai ta Kwatano ko Lome ko Duwala. Sabbinsu na da matacin hayaƙi a cikin salansa, wasu kuma sai an zuba musu ruwan AdBlue. Mai mai yawan farar wuta na toshe matacin, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi. Motar da aka ƙera don kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa ta fi dacewa da man da ke gidajen manmu.

Hayaƙi na faɗin ciwon inji. Baƙi na nufin man bai ƙone duka ba, galibi matacin iska ne ya toshe, ko nozul ya gaji, ko lodi ya yi yawa. Shuɗi na nufin injin na shan baƙin mai. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi na nuna ruwa na shiga ko feshin mai ya kauce.

Hanyoyin rage kashewa

Gudu ne babban mashayin mai. Turjiyar iska na ninkuwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa, don haka motar da ke tafiya a kilomita 80 zuwa 90 a sa'a ta fi mai 120 tsimi ƙwarai. Kayan da aka tula sama da kan mota ma na ƙara shan mai. A duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi. A kakkaɓe matacin iska a kai a kai, musamman lokacin hunturu da buji. A cire giyar ƙafa huɗu idan an hau kwalta. A kashe inji idan ana jiran lodi, sai dai mota mai tobo a ba ta minti ɗaya ko biyu ta huce bayan doguwar tafiya. A tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan matacin mai da zarar fitilarsa ta kama. Idan dole ta sa an sayi man jarka, a bar shi ya kwanta, a tace, kada a zuba na ƙasan.

Yawancin waɗannan motoci tan ɗaya aka ƙera su ɗauka. Tan biyu na kawo kuɗi yau, gobe kuma sifirin da kuloci da tayu su karɓe shi, ban da haɗarin birki a gangare da rayukan fasinjojin da ke zaune a kan kaya.

Kafin ku sayi ta hannu

Ku je da makaniken da ya san dizal, ku tayar da injin da sanyin safiya, domin injin da ya gaji yakan ɓoye ciwonsa idan ya yi zafi. Ku buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi ringin ya ci. Ku duba lagireto ko akwai alamar mai a ruwan, ku leƙa ƙarƙashi ko an yi wa shasi walda. Ga sabon zubi, a sa na'urar gwaji ta karanta lafiyar nozul. Ku gwada lambar shasi da ta takardu, ku tabbatar an biya kuɗin duwan a ƙasar da motar za ta zauna, domin motar da aka shigo da ita ta bayan fage ana iya kama ta ko bayan shekaru. Kuɗin fito ya danganta da shekarun mota da girman inji, a Gana ma akwai tara ta musamman a kan motar da ta wuce shekara goma.

Ku tambayi kasuwar kayan gyara ta garinku ko akwai nozul da famfo da matatan irin wannan inji, da nawa suke. Sannan ku ɗauki farashin lita na yau a gidan man unguwarku, ku sa shi cikin lissafin kilomita da ke sama, ku sake yin lissafin da ƙarin kashi 20 cikin 100 a kan litar. Idan aikin da motar za ta yi bai biya kuɗinta a lissafi na biyu ba, sanarwa ɗaya daga gwamnati ta isa ta mayar da ribar asara. Wanda ya riga ya mallaki mota kuma ya riƙa ware kason gyara da na faɗuwar daraja daga kuɗin kowace tafiya, a ajiye daban, kafin a kira sauran riba.